Hantar Ragunan Awini

Ku yaran yanzu da kuke yawo a kan babur da jakar allura a rataye, ku shiga gida ku soka wa akuya allura ku fito kafin a kawo muku ruwan sha, ina jin abin da kuke faɗi. Jiya ma a ƙofar gidana ɗayanku yake cewa aikin dabba ba wani abu ba ne, kwalba ce da rubutu a jikinta, ka karanta ka ɗura. Ban tanka masa ba don bakina cike yake da goro. Amma rubutun nan na jikin kwalba, akwai wanda ya fara gano shi, kuma ba a kan babur ya gano ba. Na yi wa irin wannan mutum aiki a nan Salaga, tun kafin a sauke tutar Turawa har ruwan tafki ya zo ya cinye tsohuwar hanyar Makango. Sunan aikina ba shi da daɗin faɗi a gaban surukai. Ni ne mai wanke hanji.

Asalina mahauci ne. Ni da ɗan'uwana Alhassan, da yake tagwaye ne mu, a kwata muka buɗe ido. Shi ya ajiye wuƙa ya zama maigidan fatake, masu kawo dabba daga arewa su sauka a gidansa ya nema musu masu saye. Ni na tsaya a ƙarƙashin Sarkin Fawa har na yi aure, ina ganin a nan zan tsufa. Karatu kuwa allo na yi, shi ma ban yi nisa ba.

Wata safiya muna fiɗa sai ga wani dogon mutum da gajeren wando da doguwar safa, riƙe da bokiti, ya tsaya a bayanmu tare da ungulaye. Mutumin kudu ne, an ce ya yi karatun likitan dabbobi a ƙasar Turawa, gwamnati ta ajiye shi a wani gida mai rufin kwano a bayan gari. Ubansa ɗan sanda ne da ya zauna Tamale da Bawku, don haka Hausarsa ta bariki ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa. Bai nemi tsoka ba. Abin da muke jefa wa karnuka yake so. Kafin azahar an raɗa masa suna Dokta Hanji, kuma da sunan ya bar garin nan. Ya yi ta zuwa yana kallon hannun kowa, sai ranar nan ya roƙi Sarkin Fawa ya ba shi aron wancan, ya nuna ni, wai ni ne ba na huda hanji in ina ware shi. Sarkin Fawa ya ce ya ɗauka, dama surutuna ya ishe shi.

Aikin farko da ya sa ni na wata tunkiya ce da ta rame aka yi maza aka yanka. Ya sa na ɗaure kayan cikin da zare gaɓa gaɓa, tumbi daban, ƙaramin hanji daban, babba daban, kowanne da tasarsa, don kada abin da ke nan ya gangara can. Ya karɓe wuƙata ya ba ni almakashi mai dunƙulen baki. Na tsaga tumbin nan na ƙarshe wanda hanji yake farawa daga gare shi, na duba, na ce lafiyarsa ƙalau. Ya ce in wanke. Rariya uku ce ta tagulla, an ɗora wata a kan wata, ta sama mai manyan ido, ta ƙasa kuwa da kyar ruwa yake wucewa. Ka jawo ruwa a rijiya, ka zuba a hankali, ka sake jawowa, har abin da ke fita ya yi fari. Sannan ka juye ragowar a baƙin faranti ka fita da shi rana ka karkata.

Na yi shekaru ina tsaga tumbi, ban taɓa ganin su ba. Ga su nan kwance kamar gashin da wanzami ya aske, sirara, kowace an tufka ta da zare ja da fari. Dokta ya ce jan nan jinin tunkiyar ne. Na daɗe a tsugune. Tunkiya tana tsaye a tsakar gida tana cin dusa, ashe ana shan ta daga ciki, kuma duk mahautan garin nan babu wanda ya sani.

Kayan aikin ba su da yawa. Matsefata, allura mai lanƙwasasshen kai, kwalabe, da wani ruwan magani mai sa ido hawaye, wanda in ya daɗe a hannunka yatsunka su yi faso. A cikin kwalba ake jefa 'yar takardar da ke faɗin daga wace dabba aka ciro, da fensir ake rubutawa don tawada narkewa take yi. Ni da ajami nake rubuta tawa, shi kuwa ya zauna ya koyi karantawa bai ce in sake ba. Sai babban, madubin da ake leƙawa da ido ɗaya, yana da akwatinsa na katako. Akwai wani ɗan madubi a ƙarƙashinsa mai kamo hasken rana, saboda haka in hadari ya rufe gari sai mu zauna mu yi hira.

Kashin dabba ma aiki ne mai zaman kansa. Ka dama gishiri a ruwa har ɗanyen ƙwan kaza ya taso sama, ka murje kashin a ciki, ka jira. Ƙwan tsutsar hanji tasowa yake yi, ka taɓa saman ruwan da gilashi ka ɗauke shi. Amma ƙwan tsutsar hanta nauyi gare shi, nutsewa yake. Shi sai da ruwa tsantsa, ka bari ya kwanta, ka tsiyaye na sama, ka ƙara, ka sake tsiyayewa. Mai gaggawa yakan zubar da abin da yake nema a ƙasa, ya je ya gaya wa mai dabba babu komai.

Masu kawo mana aiki iri iri ne. Mata da awaki, masu jakai, mai kula da dokin wani attajirin goro. Waɗanda suka fi wuya Fulani ne, kuma ban ga laifinsu ba. Mutum ya zo garkenka ya wuce madara ya wuce maraƙi, ya tsuguna ya kwashi kashin saniyarka a gwangwani, me za ka zata? Wani Jauro ya biyo mu a ƙafa tun daga rugarsa har gidan kwano, ya ce a mayar masa da kashinsa. Dokta ya ce to, amma ya leƙa tukuna. Jauro ya leƙa, ya ɗago, ya duba ƙarƙashin tebur, ya sake leƙawa. Ya tambaya ko duk shanunsa haka suke. Duk da haka bai tafi ba sai da gwangwaninsa. Washegari ya dawo da kansa da ƙwarya cike, an rufe da faifai kamar nono.

Ni mutum ne na gida. In magariba ta yi ban ji motsin matata Lariba a madafa ba, abinci ba ya zauna mini. Amma Dokta yana da wata damuwa da ba ta cikin gari. Yana so ya san wace tsutsa ce take tsallakawa daga naman daji zuwa dabbar gida, wace ce kuma dabbar gida take kai wa na daji. Shi ba ya harbi, sai ya ƙulla abota da maharba. Haka aka ɗora ni a lori aka kai ni bayan Yendi, wurin wani tsohon maharbi Badagombe da ke zaune kusa da kogi.

Ranar da ya kayar da gwanki ba zan manta ba. A wurinsu ba mai taɓa naman da aka harba sai maharbin ya gama maganarsa a kansa ya yanke wutsiya. Mu kuwa kaska muke so, ita kuma da jiki ya fara sanyi sauka take yi ta shige ciyawa. Ina kallon kaska tana gangarowa daga kunnen gwankin nan, ina kallon Dokta, yatsunsa sai motsi suke, amma ya cire hularsa ya tsaya cik har tsohon ya gama. Sannan muka far wa gwankin, ni kunne da gindin wutsiya, Dokta ciki. A nan bakin kogi muka kafa rariya. Can sai na ga ya ɗago wata tsutsa a kan allura, ya juya ta, ya zauna a ƙasa da wandonsa fari. Ya ce bai san wannan ba. Mutumin da ya san tsutsa kamar yadda na san gidajen zango. Daga baya aka aika da ita ƙetare, amsa ta zo cewa ba wanda ya taɓa rubuta labarinta tun da aka fara rubutu. Aka ce ya sa mata suna. Ya sa mata sunan kogin.

Bawku kuwa sau ɗaya na je, kuma ya ishe ni. A shingen da shanun ƙasar da Faransa ke mulka suke shigowa aka ajiye mu. Aikina in huda jijiyar kunne, in ɗiga jini a gilashi, in ja shi da bakin wani gilashin a ja ɗaya, in ka tsaya a tsakiya ya lalace. Sammore muke nema, ciwon nan da ƙudan tsando ke sa wa shanu su rame su zube. A cikin madubi abin yana iyo tsakanin ƙwayoyin jini kamar tarwaɗa a ruwa kaɗan. Dokta ya bi garke guda tun daga shingen har Salaga yana ɗibar jininsu a hanya, ya gano da lafiyarsu suke shigowa, a wasu mashaya masu duhun itace suke ɗauka. Aka sauya wa fatake wuraren kwana. Makiyayan da suka bi sabuwar hanya ba su san don me ba, sun dai ga shanu suna isowa da nama a jikinsu.

Daga baya babbar makaranta ta kudu ta ɗauke shi, waɗanda suka koyar da malamanku a gabansa suka zauna. Turawa ma sukan rubuto su roƙi kwalabenmu. Wasu ɗalibansa sun zo har gidan nan suna tambayar Malam Fuseini, wato ni, suka buɗe mini wani littafi mai zanen tsutsotsi. Rubutun ban san shi ba, amma zanen na gane su ɗaya ɗaya kamar fuskokin maƙwabta. To duk wannan labarin nesa ne. Abin da na gani da idona a cikin zango shi ne na shekarar da raguna suka mutu.

Kafin shekarar nan Dokta ya yi wani aiki da na ɗauka ɓarna ce. Tsutsar hanta, wadda take a shimfiɗe kamar ganye, yake bi. Ya kiwata ƙananan katantanwa a tasoshi, ya ware 'yan tumaki a ɗaki, ya ba su ciyawar da ta kwana a ruwan katantanwar, sannan ya riƙa sa ni ina yanka ɗaya bayan ɗaya, da tazara a tsakani. Abin da muka ciro a kowace hanta da kwalbarsa. Ya jera su a kan katako bisa ga daɗewarsu a ciki, ta farko kamar ƙwayar riɗi, ta tsakiya kamar agushi, ta ƙarshe kamar ganyen dalbejiya.

Shekarar nan ruwa ya ɗauke da wuri, wake bai yi ba, babu harawa, kuma Babbar Salla ta faɗo a ƙarshen rani. Kun san yadda muke da ragon layya. Tun da watanni a ɗaure shi a turke a tsakar gida, mata su ɗauke shi kamar ɗa, a ba shi dusa da kanwa, a yi masa wanka, maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta gwada da nata. Da kore ya ƙare a ko'ina, sai mata suka riƙa sammako zuwa fadamar da ke hanyar kudu, su yanko ɗanyar ciyawa daga bakin ruwa su ɗauko a ka.

Ana cikin haka wani Bakusase, ɗan wata ƙabila ta arewa, mai suna Awini ya iso daga wajen Zebilla da raguna masu dogayen ƙafa, ya sauka a gidan Alhassan. Ba nasa ne shi kaɗai ba. Yunwa ta kama ƙauyensu, kowane gida ya ba shi ɗaya ko biyu ya sayar ya komo musu da hatsi. Garken gidan bai ɗauke su ba, sai aka rarraba su a gidajen maƙwabta kamar yadda aka saba, ana ba su kara da dusa.

Ba a jima ba ragunan gari suka fara mutuwa, kuma ba ramammu ba, masu ƙiba. Na Azumi matar Alhassan ne ya fara. Da yamma yana ci, da safe yana kwance ciki a kumbure. Sai na gidan kusa, sai na gaba. Mutane suka yi lissafin da kowa zai yi. Ragunan nan ba su taɓa taka ƙofar gida ba, balle su ɗauko ciwo a daji. Sabon abin da ya shigo musu ɗaya ne, ragunan baƙo. Sarkin Fawa, da shi ma ya yi hasara, ya fi kowa ɗaga murya. A ƙofar Sarkin Zango aka yanke shawara a kora ragunan Awini bayan gari a kashe a binne, shi kuma ya kama hanya. Alhassan ya miƙe ya ce baƙonsa ne, kuma in aka sa hannu a kayan baƙo yana ƙarƙashin rufinsa, ba bafataken da zai sake sauka a Salaga. Da kyar aka ba shi zuwa bayan sallar Juma'a.

Na tarar da Awini zaune a gindin katanga, an ajiye masa tuwo ya yi sanyi. Abin da ya fi ba ni mamaki, shi ma ya fara yarda. Ya ce da ni, "Maigida, in ni ya kawo, a kashe. Amma wane baki zan kai gida?"

Na ɗora wani ragon da ya mutu a ranar a kan amalanke na kai gidan kwano. Muka buɗe. Ciki cike da ruwan jini, hanta kuwa kamar itacen da gara ta ci, hanya hanya. Dokta ya yayyanka ta, ya matse a ruwan ɗumi, na tace. Ya ɗauki tsutsa ɗaya a matsefata ya bi jerin kwalaben nan da ita yana gwadawa, ya wuce riɗi, ya tsaya a wajen agushi. Ya tambaye ni yaushe baƙon ya zo. Na ce bai cika wata ba. Ya ce, "Fuseini, wannan ya girmi zuwansa."

Ni a ganina magana ta ƙare, a je a faɗa. Shi ya ce bai san inda ta fito ba tukuna, kuma in ka cire wa mutane wanda suke zargi ba ka nuna musu gaskiyar ba, wani za su kama. Ya shiga zango gida gida. Ya zauna a kan turmi a ƙofa, mata suna daga ciki, yana tambaya wane rago ya mutu, wane ya rayu, me aka ba shi, daga ina. Wata tsohuwa da ba ta da ƙarfin zuwa fadama ta ce nata tumakin yawo suke suna cin ɓawon rogo da busasshen kara, ko tari babu mai yi. Azumi kuwa har da ɗaga murya take faɗin yadda ta kula da nata, ciyawar da take ba shi sai ta shiga ruwa zuwa idon sawu take yankowa, tana ɗiga take kawowa. Dokta ya roƙi a nuna masa wurin. A can muka tarar da sawun shanu ya dame bakin ruwan, don garkunan da fari ya tsare duk a nan suke sha. Muka tsuguna muka tsinci katantanwa, ƙanana, ba su kai farcen yatsa ba.

Bayan an sauko Juma'a na ɗauko tebur a ka zuwa ƙofar Sarkin Zango. Maza sun cika fili, mata suna bayan zana. Dokta ya ce Sarkin Fawa ya zaɓi duk ragon da ya ga dama a cikin na Awini ya yanka da hannunsa. Awini ya gyaɗa kai. Aka fito da hanta sumul, tana sheƙi. Sarkin Fawa ya ce rago ɗaya ba shi ne garke ba. Dokta ya ce gaskiya ne, Baba. Sai ya jera kwalabensa, ya ajiye tsutsar ragon gari a gefen wadda ta yi daidai da ita, ya ce wannan ta fi wata biyu a cikin hanta, tana ciki tun Awini yana gidansu.

Sannan ya ɗauko kofin gilashi da ya ajiye a rana tun safe, da katantanwa a ciki da tsinken ciyawa ɗaya. Ya ɗiga ruwan a ƙarƙashin madubi ya ce dattawa su leƙa. Ni na riga na leƙa. Wasu halittu ne masu kai da wutsiya, suna fitowa daga jikin katantanwa suna iyo, in suka sami ciyawa su manne, su yar da wutsiyar, su dunƙule su zama ɗigo su jira baki. Liman ya leƙa ya daɗe, da ya ɗago tasbihi kawai yake yi. Dokta ya bayyana cewa ƙwan yana fita a kashin saniya ya shiga ruwa, ya shiga katantanwa, ya fito ya hau ciyawa. Rago ba ya ba rago ko da a turke ɗaya suke kwana.

Wani daga baya ya ce to ai maraya, naman dajin nan mai kama da barewa, suna sha a fadamar nan, a tara maharba a gama da su. Dokta ya ce ya buɗe marayar wurin, tsutsa ɗaya ko biyu ake samu a hantarta, ta shanu kuwa Sarkin Fawa ya fi shi sanin abin da yake yankewa yana yarwa kullum a kwata. Ya ce maraya tana shan ruwan nan tun ba a haƙa rijiyar farko a garin nan ba, ita ma ɗauka take yi, a bar ta.

Sai muryar Azumi daga bayan zana, ba da ƙarfi ba.

"Wato da hannuna na ba shi."

Dokta ya juya wajen zanar. "Mama, kai ka ba shi abin da ya fi kyau a idonka. Ni ma da ban leƙa ba, shi zan ba shi."

Ya ce daga yau a yanka daga tudu, in dole sai ta fadama a shanya ta ta bushe ƙarau ta daɗe, ragunan da suka rage kuma a kawo a yi musu ɗure. Sarkin Zango ya janye hukunci. Amma Sarkin Fawa ya kafa sharaɗi, Awini ba zai bar gari ba sai an yi layya an ga cikin ragunansa. In aka sami ruɓaɓɓiyar hanta ko ɗaya, shi da maigidansa su san inda za su sa fuskarsu, kuma kada ɗan Zebilla ya sake kawo ko kaza garin nan. A hanyar komawa na ce da Dokta ai mun gama. Ya ce shi ba zai rantse ba, raguna sun sha ruwa a wurare da yawa tsakanin Zebilla da nan, kuma abin da bai buɗe ba bai sani ba.

Mutane suka sayi ragunan Awini, don ba su da wasu. Kun san mai layya ba ya sa komai a bakinsa ranar Salla sai ya ci daga hantar ragonsa. To a shekarar nan babu wanda ya ɗora tasa a wuta. Ana saukowa daga idi aka yanka, sai ga mutane da manyan riguna sun yi layi a ƙofar Alhassan, kowa da hanta a kwano, ciki ba komai, yara suna ja musu riga. Dokta, mutumin da coci yake zuwa, ya zo da doguwar safarsa ya zauna a benci. Ina miƙa masa, yana tsagawa ta hanyar matsarmama, ya matsa da babban yatsa, ya duba, ya mayar a kwano. Awini yana gindin katangarsa, duk kwanon da aka miƙa sai ya bi shi da ido. Wanda aka sallama ma ba ya tafiya, sai ya koma gefe ya tsaya ya ga na bayansa.

Sarkin Fawa ne ƙarshe, don shi ma a wurin Awini ya saya, ya zaɓi wanda ya fi kowanne rama da gangan. Dokta ya miƙa hannu, Sarkin Fawa ya ce a'a, da wuƙarsa zai yi. Ya tsuguna da tsufansa ya yi ta yanka siriri siriri, yana ɗaga kowane yanki yana dubawa a rana, har babu sauran abin yankawa. Ya goge wuƙar ya mayar kube. Ya ce a kawo garwashi. Ya tsire yanki ɗaya a tsinke ya gasa, ga shi tun asuba bai ci komai ba, ya miƙe ya ratsa mutane ya nufi katanga.

"Ɗan Zebilla, buɗe hannu."

Awini ya ce, "Baba, ni ba na salla."

"Ban tambaye ka ba."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya sa a baki yana taunawa a hankali, duk zango da kwanoni a hannu ana kallon muƙamuƙinsa. Ya haɗiye, ya ɗaga kai ya dubi tsohon.

"Baba, yaji babu?"

Sarkin Fawa ya juya wajen cikin gida ya ce, "Azumi, kina ji. A kawo wa baƙo yaji."